Aski a Ɗakin Gwajin Baba

A ɗakin gwajin nan kowa da abin da yake riƙewa, wani kwalba, wani bututun ɗiban ruwa, wata safar roba. Ita kaɗai ce ba ta riƙe komai sai biro, shi ya sa suka laƙa mata suna Lissafi, sunan kuma ya bi ta har masu gadin ƙofa ba su san tana da wani ba. Teburinta yana can lungu, tsakanin firji da wurin wanke kwalabe, inda duk wanda ya zo ɗauraye hannu sai ya fantsama mata ruwa a takarda sannan ya ce ta yi haƙuri. Ta yi haƙurin har ya zame mata jiki.

Farfesan ɗakin, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya kawo ta. Lokacin da ya ɗauke ta manyan sashen sun yi ta gunaguni, wai me mai lissafi za ta tsinana a cikin masu kiwon yis. Ya ce su bar masa kayansa. Ya riƙe ta hannu bibbiyu, ya koya mata aikinsu kamar mai koya wa yaro tafiya, ranar da mahaifinta ya rasu kuma shi ya fara isowa gidan. Tana ƙaunar tsohon nan, ba ta kuma ɓoyewa.

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan yis, irin dai wanda ake sa wa burodi ya tashi. A cikin kowane ɗan yis akwai ƙwayoyin gado, kowace da sinadarin da take sa a ƙera. Akwai guda ɗaya da Baba ya ɗora wa rai. Tun yana da baƙin gashi yake cewa wannan ƙwayar ita ke tsawata wa kanta: in sinadarin da take ƙerawa ya yi yawa, shi zai juyo ya taka mata birki, in ya yi ƙasa ya sake ta. Abin da ya rasa shi ne hujja. Hanyar da aka saba ita ce a lalata wani sashe na ƙwayar a ga abin da zai faru, to wannan kuwa da an taɓa ta sai yis ɗin ya mutu, matacce kuma ba ya ba da shaida. Haka ya yi ta fama har gashin ya yi fari, idanun suka yi rauni, ritaya ta zo bakin ƙofa.

Lissafi ce ta ce kada a taɓa ƙwayar ma sam. Maigidanta, mai gyaran famfo, shi ta fara gwada wa bayanin, yana zaune a ƙasa ya baje kayan aiki yana neman wani ƙaramin sifana da 'yarsu ta ɗauke don wasa. Ta ce ya ɗauka ga unguwa biyu. A ɗaya kowane tanki yana da ƙwallon nan da ke tasowa ya rufe ruwa in ya cika, a ɗayar kuwa sai mutum ya tuna ya kashe famfo. In aka bi gida-gida aka leƙa, tankunan farko duk ruwansu kusan kai ɗaya ne, na biyun kuwa wani ya yi ambaliya, wani rabi, wani ƙaf. Ba sai an ga ƙwallon ba, bambancin ruwan kaɗai ya isa ya tona asiri. To haka yis: a auna sinadarin a jikin dubbai, in sun yi kusa da juna fiye da yadda ya kamata, akwai mai riƙe da ƙwayar.

"To Dakta," in ji shi, "ashe duk karatun nan aikina kike yi, sai dai ke ba kya jiƙewa."

Awon ba shi da wuya a ɗakin, don tuni aka liƙa wa sinadarin wani abu mai koren haske. Akwai na'urar da ke zuƙar yis ɗaya bayan ɗaya ta gaban fitila tana auna hasken kowanne. Mai kula da ita Anti ce, babbar mace mai tabarau rataye a wuya, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin in aka cire Baba. Ba ta yarda ko inuwar wani ta faɗa wa na'urarta. Kai dai ka kawo kwalbarka, ka dawo ka tarar da sakamako a kwamfuta, tsaf-tsaf kamar an goge.

Irin wannan sakamakon Lissafi ta ɗauka. Ta fara lissafa yadda hasken ya kamata ya warwatsu in babu mai riƙe da ƙwayar, sannan ta ɗora awon gaske a kai. Zanen ya fito siririn tudu a tsakiyar faffaɗan tudu. 'Ya'yan yis ɗin sun matsu wuri ɗaya, sun fi kusa da juna nesa ba kusa ba.

Ranar da ta nuna wa Baba, sai da ya kai hancinsa kusa da gilashin kwamfutar kafin ya gani. Da ya gane abin da yake kallo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya zauna, ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce wannan hoton shi zai rufe laccarsa ta bankwana da shi, a gaban duk ɗaliban da ya taɓa koyarwa, daga nan a aika wa mujalla. Ya ce mata, "'Yata, kin fitar da ni kunya." Ta koma lungunta tana jin kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Da ta bar abin a nan da kowa ya huta. Amma tana da cutar nan ta masu lissafi, wadda in amsa ta yi kyau da yawa sai su fara zarginta. Ta shiga tsofaffin awon ɗakin ta zaɓo wata ƙwayar gadon dabam, wadda duniya ta shaida ba ta riƙe kanta, don kawai ta ga faffaɗan tudu ta ji daɗi. Tudun ya fito siriri. Ta ɗauko wata, siriri. Ta ɗauko wata kuma, haka. A bisa lissafinta, duk wata ƙwayar gado da ta taɓa shiga ɗakin nan mai kamun kai ce, abin da ko a mafarki ba zai yiwu ba. Ta faɗaɗa zanen ta dubi gefe da gefe, inda tudu ya kamata ya gangara a hankali har ya ɓace. Bai gangara ba. An datse shi dama da hagu kamar da wuƙa.

Ta sami Anti tana goge bakin na'ura da auduga, ta nuna mata, ta tambaye ta ina masu haske sosai da masu dishi-dishi suka shiga.

"Aski ne," in ji Anti, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Da ta ga Lissafi ta tsaya sororo, sai ta ajiye audugar ta yi mata bayani irin na wanda ake tambaya me ya sa ake rufe ƙofa. Tun zamanin tsohuwar na'ura, wadda ke ƙirga ƙura da yis ɗin da suka manne da juna a matsayin 'ya'ya, Baba ya kafa doka cewa kafin a miƙa wa kowa sakamako a zubar da na can sama da na can ƙasa. Sun sa masa suna aski. Kowa a ɗakin ya sani, don haka ba wanda ya taɓa faɗa, ba a kuma rubuta shi ko'ina ba. Bai taɓa cutar da kowa ba, don su matsakaici kawai suke nema, matsakaici kuwa ba ya motsi don an rage gefe biyu daidai. An canja na'ura, sabuwar tana tace ƙura da kanta, amma hannun Anti bai canja ba. Waɗanda aka zubar kuma sun tafi ke nan, na'urar ba ta ajiye su.

Sai a lokacin Lissafi ta gane. Abin da suke zubarwa a matsayin shara shi ne ainihin abin da ta zo aunawa. Ba ƙwayar ce ta matse yis ɗin wuri ɗaya ba, almakashin ɗakin ne. Ta ji haushin kanta fiye da na kowa, don ita ce baƙuwa a cikinsu, ita ya kamata ta tambayi abin da ake yi wa awo kafin ya iso teburinta.

Ta tarar da Baba a ofishinsa yana ɗure littattafai a kwali, yana ɗaga kowanne kusa da fuska kafin ya yanke inda zai sa shi. Ta rusuna ta gaishe shi, ta faɗa masa komai ba tare da kwana-kwana ba. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce waɗanda ake zubarwa ai ba 'ya'yan kirki ba ne, ƙura ce da gurɓatattu. Ta ce a da ne, yanzu rayayyun yis ake zubarwa. Ya ce ya san ƙwayar nan tun ba a haife ta ba. Ta ce ba ta musa ba, amma hoton bai nuna abin da suka ce ya nuna ba.

Ya ɗaure fuska, abin da bai taɓa yi mata ba.

"Ke kika kawo mini hoton nan."

"Ni na kawo, Baba. Shi ya sa nake roƙon ka bar ni in karɓe shi."

Ya ce an riga an aika wa mutane gayyata, wasu daga nesa za su taso, bayan lacca ta yi duk awon da ta ga dama. Ta ce a ba ta izini ta sake awon kafin laccar, ba aski. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai juya mata baya ya ci gaba da littattafansa. Ta ɗauki shirun a matsayin izini, tana sane da cewa ba shi ba ne.

A gida maigidanta bai goyi bayanta ba. Yana wanke hannu da omo a bakin famfo ya ce ta bar tsoho ya sauka lafiya, mutum nawa ne a zauren za su gane, in ya so ta gyara kafin a kai mujalla. Ta ce abin da aka faɗa a zaure ba ya zama a zaure. Ɗalibansa za su kwashe shi su kai ɗakunan gwajinsu, wani zai auna ba tare da aski ba, daga nan sunan Baba ya zama abin dariya a lokacin da ba shi da ɗaki ko na'urar da zai kare kansa. Ya ce to in ta sake awon ya fito ba yadda ake so ba fa? Ta ce ita ma tambayar da ke hana ta cin abinci ke nan. Ya dube ta, ya san in ta kafe ba mai tanƙwara ta, sai ya ce shi zai riƙa ɗauko yarinya daga makaranta har ta gama.

Matsalar ita ce ba wanda ya yarda ya shuka mata yis. Labari ya zaga ɗakin, kowa ya shafa wa kansa lafiya, masu fantsama mata ruwa ma suka koma wanke hannu a wani wurin. Don haka matar da ba ta taɓa riƙe komai ba sai biro ta sa farar riga da safar roba. Kwalbar farko ta bar bakinta a buɗe, wata ƙwayar cuta ta shiga, ruwan ya yi warin da ya kori kowa zuwa baranda. Ta biyu ta manta ta kunna abin girgizawa, yis ɗin ya kwanta a gindi ya ƙi tashi. Anti tana kallonta ta saman tabarau tana tsaki, har ranar da abin ya ishe ta, ta fizge kwalbar ta ce ba za a ɓata mata kayan aiki a gabanta ba. Ta nuna mata yadda ake ƙona bakin kwalba a wuta da yadda ake karkata hannu. Ta ce ba don ta yarda da ita take yi ba, don dai ta tsani ƙazamin aiki ne.

Yis ɗin bai kai yadda za a auna ba sai da safen ranar laccar. Ita da Anti suka zauna su biyu a gaban na'ura, ɗigon haske yana taruwa a gilashi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo wurin aski hannun Anti ya tafi da kansa, sai da ta janye shi ta cusa a hammata. Lissafi kuwa addu'a take yi a zuci, ba ta gaskiya ta fito ba, a'a, ta tudun ya tsaya siriri. Tana so tsohon ya yi daidai. Tana so ta ruga ofishinsa ta ce ta tayar masa da hankali a banza.

Tudun ya baje. Ya gangara dama, ya gangara hagu, ya cika faffaɗan zanen da ta lissafa wa ƙwayar da ba mai riƙe da ita, ya zauna a ciki daram. Suka sa kwalba ta gaba, suka sa ta bayanta, duk kanwar ja ce. Anti ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta, ta ce a hankali, "Shekara da shekaru ina zubar da su."

Ofishin Baba ya zama fanko, sai tebur da kujera da sawun kwalaye a ƙasa. Ya sha babbar rigarsa ta taro, yana zaune yana bitar abin da zai faɗa da baki, don karatu ya fara gagararsa. Lissafi ta ajiye masa takardar sabon sakamakon. Ya ɗaga ta kusa da ido, ya daɗe yana bi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce awo ɗaya ba ya rushe aikin rayuwa. Ta ce sun maimaita. Ta ce kuma takardar ba ta ce ya yi kuskure ba, mai yiwuwa ƙwayar tana riƙe kanta ta wata hanyar da wannan awon ba ya gani, abin da ta ce kawai shi ne ba su da hujja tukuna. Ya tura takardar gefe ya ce ta je ta sami wurin zama, kada a cika.

Zauren ya cika har da na tsaye. Ga tsofaffin ɗalibansa, wasu sun yi furfura su ma, ga matarsa da 'ya'yansa a layin gaba, ga manyan sashen da suka yi gunaguni ranar da aka ɗauke ta. Ta zauna a gefen hanya, Anti a kusa da ita. Baba ya yi magana kamar yadda ya saba, ba takarda, yana tsokanar wannan yana tuna wa wancan ranar da ya fasa kwalba ya ɓoye a aljihu. Aka yi ta dariya. Ita ma ta yi, ta fara sa rai cewa zai tsallake wurin.

Bai tsallake ba. Ya ɗaga wa mai haska hotuna hannu, siririn tudun ya bayyana a bango, ya fi mutum tsawo. Ya bayyana abin da yake nufi, zauren ya ɗauki tafi. Da tafin ya lafa ya ce wannan aikin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai 'yarsa da ta gano hanyar, yana so ta miƙe kowa ya gan ta.

Kawuna suka juyo. Anti ta taɓa ta da gwiwar hannu. Lissafi ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta, don a gidansu ko ƙanin uba ne ya kira ka ba ka jira kira na biyu. Ta san in ta miƙe ta sa hannu ke nan a kan hoton, a gaban shaidun da ba za su manta ba. Ta damƙe hannun kujera ta ci gaba da zama.

"Lissafi," in ji Baba. "Ko ba ta shigo ba ne?"

Ya san ta shigo. Idanunsa ba sa rarrabe fuska daga nesa, amma ita yake fuskanta sak. Wani daga baya ya ce ga ta nan, kunya take ji, aka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Ta ɗaga kai ta dube shi, hawaye yana zubo mata, ta girgiza kai sau ɗaya. Ba ta tashi ba.

Matar Baba ta juyo tana neman wace ce wannan marar kunyar. Baba ya dafa teburin da ke gabansa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce wa mai haska hotuna ya kashe.

"Wannan ba mu gama shi ba," ya ce. "Na yi gaggawa. Kada kowa ya ɗauke shi ya fita da shi daga nan."

Ya yi godiya a taƙaice ya sauka. Tafin da aka yi masa mai yawa ne, amma irin na mutanen da ba su san abin da ya faru a gabansu ba.

A bakin ƙofa aka yi layi ana gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Anti ta ce wa Lissafi ta bi ta ƙofar baya ta tafi gida, yau ba ranar haɗuwarsu ba ce. Ta ƙi, ta shiga layin. Ba ta yi nadama ba, amma zuciyarta ciwo take yi kamar ranar da aka yi mata rasuwa. Da ta iso gabansa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ya dube ta daga sama, kusa sosai yadda zai iya ganinta, fuskarsa ba fushi, sai gajiya.

"Kin san ba ni da wata laccar bayan wannan."

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya miƙa wa na bayanta hannu.